Wadda Ta Tsaya Cik a Hoton Lilo

Batir ne ya fitar da Sumayya daga gida ran nan. Ba don shi ba, da tana tsakar gida tana juya sauran naman layya a kasko, da kuma duk abin da ya faru bai faru ba.

Washegarin Babbar Sallah ne, rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan fadamar Kalgo. Mijinta Haliru, mai ɗaukar hoton biki, ya bugo waya daga filin lilo ya ce ya manta batirin kyamara a kan taga, a ba wani yaro ya kai masa. Aka leƙa waje, babu yaro ko na magani. Lilo ya kwashe su kaf.

"Tashi mu kai mai," in ji Inna, uwar Haliru, tana laluben takalminta. "Ni ma in ga abin ga da ya hana yara cin tuwo. Takwara, zo a sa miki ɗankwali."

Takwarar Inna ita ce 'yar farin Sumayya, shekararta huɗu da 'yan watanni. Sunanta na yanka Hadijatu, sunan Inna aka mayar mata, shi ya sa duk gidan ake sakayawa a ce Ummi. Amma Sumayya ko Ummin ba ta faɗa. A Ceberu ta ƙasar Gwandu, inda aka haife ta, uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka ta ga uwarta ta yi wa yayanta, haka ta taho da abin gidan miji tare da kwanonin jerenta. "Ke" take ce wa yarinyar, ko "waccan". Yarinyar kuwa Adda take ce mata, kamar wata babbar yayarta. Tun da aka yaye ta, ɗakin Inna take kwana.

Abin da ba wanda ya sani shi ne, idan gida ya yi tsit Inna ta fara minshari, Sumayya kan saɗaɗa ta shiga ɗakin da sunan duba maganin sauro. Sai ta durƙusa bakin gado, ta shafa kan yarinyar tun daga goshi har ƙeya, a hankali, ta tofa mata addu'a, ta fice kamar ɓarauniya.

Masu lilon sun kafa kayansu ne a tsohuwar masussukar shinkafa, can bakin fadama, wurin da tsofaffi ke cewa ba a bari magariba ta riski mutum. Amma wa ke jin tsofaffi ranar Sallah?

Inna ta ja ta tsaya da ta ga wurin. "Nan sunka kafa shi? Duk faɗin Kalgo?" Ta yi bisimilla ta shiga da ƙafar dama.

Lilo biyu ne. Akwai babba mai kama da ƙafar keke, tsawonsa ya kusa kai giginya, kujeru na reto a jikinsa. Akwai kuma na yara a ƙasa, dawakan roba ne da fentinsu ya koɗe, suna zagaye wani ginshiƙin ƙarfe suna hawa suna sauka. Ko'ina an naɗe shi da ƙananan ƙwayayen lantarki, ja da kore da ruwan ɗorawa. Janareta na ruri, lasifika na kiɗa, hayaƙin mai ya gauraye da ƙamshin tsire da soyayyen kifi. Daga bayan duk wannan, in mutum ya kasa kunne, kwaɗin fadama na ta nasu bikin.

Sun sami Haliru daga gefe, ya ɗora kyamararsa a kan sanda mai ƙafa uku, ya saita ta ga lilon dawaki.

"Batir na ce a aiko, sai ga gida duka," ya ce yana dariya. "Wa kunka bar wa akuya?"

"Ubanka," in ji Inna. Ta hango ƙawayenta zaune a tabarma kusa da mai gyaɗa, ta nufe su.

Sumayya ta miƙa masa batirin kanta a ƙasa. Ya sa, ya dube ta, ya rage murya. "Matso ki ga wani abu. Ba wanda ke kallonki."

Ya ba ta wani ɗan rimot, bai fi kwalin ashana ba. Ya ce ta danna. Ta danna, kyamarar ta ce ƙit. Ya ce ta jira, kada ta taɓa sandar, ko numfashi ta yi a hankali. Suka tsaya kamar tsawon karanta Fatiha biyu. Ya ce ta sake dannawa. Ƙit.

Da ta leƙa ɗan gilashin bayan kyamarar, sai da ta riƙe baki. Babu dawaki. Babu yara. Wani zobe ne na wuta, ja cikin kore cikin rawaya, kamar an ɗauki bakan gizo an murɗe shi an yi awarwaro.

"Ina mutanen?" ta tambaya cikin raɗa.

"Motsi ya cinye su. Idon kyamarar na bari a buɗe ta daɗe tana kallo. Duk abin da ke motsi sai ya zama hayaƙi ko ya ɓace. Abin da ya tsaya cik, shi kaɗai ke fitowa tangaran. Kin ga ginshiƙin nan? Kin ga turken can? Su ba su motsa ba."

Ta daɗe tana kallo. Bokonta bai wuce aji shida ba, amma wannan ta gane shi sarai, kuma ya yi mata kyau har cikin ranta.

Aka kira magariba. Haliru ya ce ta tsare masa kayan, kada yara su ture, ya bi maza zuwa inda aka shimfiɗa tabarmi. Ya bar ta da rimot a hannu, da Ummi riƙe da gefen hijabinta tana tsotsar alawa.

Tabarmar tsofaffin ba ta da nisa. Wata ƙawar Inna, Goggo Abu, mai baki kamar reza, ta ɗaga murya. "Ke ɗiyar Gwandu! Wagga mai kama da ke kamar an tsaga kara, ɗiyar wa ta?"

Sumayya ta ja hijabi ta rufe rabin fuska. Tsofaffin suka kwashe da dariya.

"Kin yi dacen suruka, Inna. Na zamanin ga har goya ɗan fari suke yi su shiga kasuwa, suna kiran sunanshi kamar masu talla."

"Tawa ba haka take ba," in ji Inna, da jin daɗi a muryarta. "Wagga ko wuta ta kama ɗiyar, sai dai ta ce, jama'a, ga hayaƙi can."

Suka sake dariya. Sumayya ta ji daɗin yabon. Wannan ma yana cikin abin da take tunawa daga baya, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Sallar ba ta yi nisa ba ta ji wani wari. Warin laka ne, irin ta ƙasan ruwa, baƙa, wadda ba ta taɓa ganin rana ba. An kwana biyu ba a yi ruwa ba, ƙasar filin a bushe take.

Ta waiwaya. Wata mace ce tsaye daf da kafaɗarta. Doguwa ce ƙwarai, ta ɗaura baƙin saƙi irin na mutanen da, ta lulluɓe kai da wani. Sumayya ba ta ɗaga ido ta ga fuskarta ba, don ba ta saba kallon manya a ido ba. Ƙafafunta ta gani. Babu takalmi. Ruwa na ɗiga daga bakin zanen, yana taruwa a gindin ƙafar.

Matar ba ta yi sallama ba.

"Wagga ɗiyakki ta?"

Muryar a hankali take, amma duk rurin janareta bai danne ta ba. Sumayya ta saci kallon tabarma. Goggo Abu na fuskantarta. Inna ma.

"A'a," ta ce.

"Ba ke kika haife ta ba?"

"Ba tawa ba ce. Ta mutanen gida ce."

"Mi as sunanta?"

Ta ina Sumayya za ta fara? Sunan 'yar fari, kuma sunan uwar miji, ga mai sunan zaune tana ji?

Matar ta ja numfashi mai tsawo, kamar wadda ta sauke kaya.

"Ɗiya ba uwa, ba suna," ta ce. "Ashe tsintuwa ta."

Ummi ta ɗago kai ta dubi Sumayya. Ba ta yi kuka ba. Ta dai saki gefen hijabin.

Da Sumayya ta sake waiwayawa, babu kowa. Sai ɗan jiƙon ƙasa, ƙasar tana shanye shi.

Ta so ta gaya wa Haliru da ya dawo. Amma me za ta ce? Wata ta tambaye ta, ta amsa yadda kowace 'yar mutunci ke amsawa. Ta haɗiye maganar.

Duhu ya shigo sosai, fitilun suka ƙara haske, wata ya fito fari tas a kan fadama. Haliru ya ɗauki Ummi ya kai wa mai kula da lilon, wani mutumin Zuru mai fara'a da ake kira Istifanus. "Doki mafi gudu za ka ba gimbiyata." Istifanus ya ɗora ta a kan wani fari mai karyayyen kunne, ya nuna mata inda za ta riƙe. Yara suka cika sauran. Ya ja wani ƙarfe, dawaki suka fara tafiya.

"Danna," in ji Haliru.

Ƙit. Suka jira. Ummi ta wuce ta gabansu, ɗankwalinta ja. Ta sake wucewa. Sauran yara na ihu suna ɗaga hannu. Ita ba ta ihu. Ƙit.

Suka haɗa kai a kan gilashin.

Zoben wutar na nan. Yara duk sun narke sun zama hayaƙi, yadda ya kamata. Amma a tsakiya, jikin ginshiƙin, akwai mace tsaye cikin baƙin saƙi. Ta fito tangaran, har zaren saƙin ana iya ƙirgawa.

"Wannan kuma wace ce?" in ji Haliru. Ya ɗaga kai ya dubi ginshiƙin. Babu kowa a wurin. Ya sake duban gilashin. "Wataƙila wata ce ta tsaya ta bayan lilon. Sake dannawa."

Sumayya ta danna. Ƙit.

Warin laka ya dawo.

Ƙit.

A wannan hoton matar ba ita kaɗai ba ce. A bayan lilon, inda ido ke ganin fili fetal har bakin fadama, mutane ne tsaye sahu sahu, dogaye, lulluɓe, ba wanda ya ko gyara tsayuwa. Matar kuwa ta zauna a gindin ginshiƙi. A cinyarta akwai yarinya mai jan ɗankwali.

Yarinyar ta fito tangaran. Ba ta motsa ba ko kaɗan.

Suka ɗaga kai tare. Ga Ummi can a kan farin doki, tana zagayawa.

"Innalillahi," in ji Haliru. Ya kwasa da gudu. "Istifanus! Tsayar! Tsayar da shi!"

Istifanus ya ja ƙarfen baya. Dawaki ba su tsaya ba. Ya sake ja, ya taka da ƙafa. Ya ruga ya kashe janareta gaba ɗaya.

Rurin ya mutu. Kiɗan ya mutu. Babban lilo ya yi ƙara ya tsaya, fitilunsa suka ɗauke.

Na dawakin ba su ɗauke ba.

Suna nan suna ci, ba janareta, ba waya mai wuta. Dawakin na zagayawa cikin shiru. Ba ka jin komai sai kukan ƙarfe, ƙiii, ƙiii, ƙiii. Sai a lokacin Sumayya ta lura kwaɗi ma sun yi shiru.

Wata mata ce ta fara. "Aminu! Aminu, diro!" Wani yaro ya saki dokinsa ya faɗo hannunta. Nan fa wuri ya ruɗe. Kowace uwa na ƙwala sunan nata, kowane yaro na jin sunansa yana dirowa, ana cafewa, ana gudu da shi. Kafin ka ce kwabo dawaki sun zama wayam.

Sai farin nan mai karyayyen kunne.

"Ummi!" Haliru ya bi dokin da gudu, ya kai hannu ya rungumo. Hannunsa ya wuce. Ya faɗi a ƙasa, ya tashi yana kallon tafukansa. Laka ce a jiki, baƙa, mai sanyi.

Ya sake bi. Maza suka taya shi, wasu na kabbara, wasu na karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi. Istifanus na kiran sunan Allah da nasa harshen, ya rungume wata sandar lilon tana jan shi a ƙasa.

Ummi ta wuce. Idonta a buɗe, ba ta ƙiftawa. Sumayya ta ga hasken fitila ta cikin rigarta.

Ta sake wucewa. Yanzu har dokin ana gani ta cikin jikinta.

Sumayya ba ta san lokacin da ƙafafunta suka kai ta gaban kyamara ba. Rimot na dunƙule a hannunta.

Inna ta iso, ba takalmi, ba mayafi. "Takwara! Takwara!" Ta ga ba a waiwayo ba, ta buɗe murya ta kira sunan da ita ma nata ne. "Hadijatu!"

Daga gindin ginshiƙi aka amsa. Kowa ya ji.

"Ba ke anka tambaya ba."

Hannun Sumayya ya matse. Can bayanta, ƙit.

Ta gane. Ba ta bukatar malami ya fassara mata. Ita aka tambaya. Ita ta ce a'a.

Ta buɗe baki.

Goggo Abu na gefenta. Ga abokan Haliru. Ga limamin unguwarsu. Ga Inna, mai sunan, taku biyu tsakaninsu.

Sunan ya zo maƙogwaro ya tsaya.

Dokin ya wuce.

Ta sa hannu ta rufe baki.

Ya sake wucewa. Jan ɗankwalin ya zama kamar hayaƙi.

Kowa na gudu. Kowa na ihu. Ita tana tsaye.

Dokin ya zagayo, sai ta ga ɗan hannun nan, wanda ya saki hijabinta ɗazu. Yatsun kawai suka rage a jikin sanda. Suna saki ɗaya bayan ɗaya.

"HADIJATU!"

Ba ta san tana da irin wannan muryar ba. Hannunta ya sake matsewa, rimot ya faɗi. Ta yi tsalle ta haye dandamalin lilon, hijabinta ya maƙale a wani ƙarfe ya yage, ta bar shi nan. Kanta a buɗe, a gaban duk Kalgo.

"Hadijatu! Ɗiyata ce! Ni na haife ta!"

Da ƙafarta ta taka dandamalin, ihun mutane ya yanke kamar an rufe ƙofa. Sanyi ya kama ta har ƙashi. Ruwa ne a ƙafarta, ya kai idon sawu. Ga su nan kewaye, dogayen nan, ba mai motsi. Ga matar zaune, yarinyar a cinyarta.

Wannan karon Sumayya ta ɗaga ido ta dube ta. Abin da ta gani ƙarƙashin lulluɓin ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta dai ce idanun ba su da fari, kuma ba mugunta ta gani a cikinsu ba. Kwaɗayi ta gani, irin na wadda ta daɗe tana son goyo.

"Kin ce ba taki ba ta."

"Ƙarya na yi."

"Mu ba mu ɗaukar abin da ke da mai shi. Ba mu kuma mayar da tsintuwa don wani ya yi kuka." Matar ta sunkuya kan yarinyar, ta juyo da fuskarta. "Ke ɗiya. Wagga wace ta?"

Ummi ta dubi Sumayya. Muryarta ta fito siririya, kamar daga cikin rijiya.

"Adda ce."

Hannun matar ya ƙara zagaye ta.

Sumayya ce ta koya mata hakan, da bakinta, da kau da kanta, shekara huɗu. Ta durƙusa cikin ruwan sanyin nan. Ta miƙa hannu, ba don ta ƙwace ba, don ta san ba za ta iya ba. Ta ɗora tafinta a goshin yarinyar. Ta shafa a hankali, tun daga goshi har ƙeya. Ta tofa addu'ar da ta saba.

Yarinyar ta ƙifta ido.

"Ita ce mai zuwa da dare," ta ce. "In na rufe ido ta ɗauka barci nake." Ta miƙo hannu. "Ita ce. Ni wajenta za ni."



Sai matar ta buɗe hannuwanta, a hankali, kamar ana ɓamɓare su.

"Riƙe abinki," ta ce. "In kin sake yar da ita, muna kusa."

Fitilu suka ɗauke gaba ɗaya. Dawaki suka tsaya da wata irin girgiza da ta watsar da mazan da ke riƙe da su. Da aka haska fitilun waya, sai ga Sumayya zaune a kan busasshen katako, zanenta sharkaf da laka, ta ƙanƙame yarinyar a ƙirji tana kiran sunanta ba ƙaƙƙautawa. Can cikin fadama, kwaɗo ɗaya ya yi kuka, sauran suka amsa.

Inna ce ta ciro nata ɗankwalin ta rufa wa surukarta a kai.

Yarinyar ta yi kwanaki tana zazzaɓi, aka yi ta rubutu da hayaƙi, ta warke. Tsofaffin tabarma sun rantse ba su ga wata mai baƙin saƙi ba, sun dai ji Sumayya na cewa "ba tawa ba ce", suka ɗauka Goggo Abu take ba amsa. Masu lilo kuwa gari na wayewa suka kwance kayansu. Aka ce Istifanus ya bar farin dokin nan a filin, ya ce ba zai hau mota da shi ba.

Sai bayan kwana biyu Haliru ya buɗe kyamarar. Hotuna biyun nan da suka gani, babu kowa a cikinsu, zoben wuta ne kawai. Amma akwai na ƙarshe, wanda bai san an ɗauka ba. Ya daɗe yana kallo, ya kai yatsa zai goge, Sumayya ta riƙe hannunsa.

Zoben na nan. Duk taron nan, masu gudu, masu kabbara, Haliru da ke faɗuwa yana tashi, Inna da ke yarfa hannu, babu ko ɗayansu. Motsi ya cinye su. Mutum biyu ne kaɗai suka fito tangaran. Ɗaya na zaune a gindin ginshiƙi cikin baƙin saƙi. Ɗayar na tsaye daga gefe, hannunta a kan bakinta, ko gefen hijabinta bai kaɗa ba.

"Ba daɗewa kika yi ba," in ji Haliru a hankali. "Tsoro ne. Kowa ma..."

"Kai ka ce min sai abu ya daɗe a tsaye yake fitowa haka," ta ce. "Kuma ba tsoro ba ne. Bar shi."

Ta sa ya wanke mata shi a takarda. Yana nan ƙarƙashin kayanta a akwati. Ba ta nuna wa kowa, ba ta kuma yar da shi ba.

A daren da zazzaɓin ya sauka ta shiga ɗakin Inna, ba da sunan maganin sauro ba. Ta durƙusa, kanta a ƙasa, ta ce tana roƙon a ba ta yarinyar ta riƙa kwana wajenta. Inna ta naɗe ɗan bargon yarinyar da kanta ta miƙa mata.

"Ni na yabe ki ran nan," ta ce. "Ki yafe ni."

Yanzu a unguwar an san Sumayya da abu guda. Wasu matan na cewa ɗiyar Gwandu ta zubar da kunyarta a filin lilo, ba ta koma ta ɗauka ba. Tana jin su. Har yanzu in ta wuce su fuskarta kan yi zafi, har yanzu ba ta iya kallon Inna a ido. Amma da rana ta yi ja, za ka ji ta a bakin zaure, muryarta na rawa, tana kira har maƙwabta na ji.

"Hadijatu! Shigo gida!"

Daga cikin ɗaki Inna kan amsa, "Na'am, ina ciki tun ɗazu, marar kunya!" Yarinyar kuma ta taho da gudu tana dariya, ta kama gefen hijabin.

Ko a kasuwa, ko a asibiti, ko a motar Gwandu, duk wanda ya dubi yarinyar ya buɗe baki zai yi tambaya, Sumayya ba ta bari ya ƙarasa.

Ran nan ma da magariba, tana wanke wa yarinyar ƙafa a bayan ɗaki, ta ji warin laka ya taso ta kan katanga. Ba ta ɗaga kai ba. Ba ta jira an tambaye ta ba.

"Tawa ce," ta ce da ƙarfi. "Sunanta Hadijatu. Ni na haife ta."

Sannan ta ji sawu a bayan katangar, jiƙaƙƙe, yana komawa wajen fadama.